Kyanwar da Na Yi wa Alkunya

Ni ban taɓa cewa ina son mage ba, ban kuma ce na ƙi ta ba. A gidan da na tashi a cikin garin Suleja, mage tana nan ne saboda ɓera. Ta ci abin da ya rage, ta kwana inda ta ga dama, ba mai tambayar yadda ta tashi. Shi ya sa ranar da 'yata ta tsai da mota a ƙofar gidana ta fara sauke kejin waya har uku, kowanne an lulluɓe shi da tsohon zane, na riƙe ƙugu na ce, "Likita, kaji ne ko zabi?"

Likita nake ce mata, don likitar dabbobi ce. A Abuja take aiki, can take zaune da mijinta, ranar Asabar take leƙo ni in cunkoson hanya ya bar ta.

Ta ce, "Umma, maguna ne. Ba su da lafiya."

Na ce, "To asibitin naku rushewa ya yi?"

Ba ta yi dariya ba. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya karɓar zolaya ba. Ta zauna a gefen tabarma ta yi mini bayani dalla-dalla. Ita da wasu abokan aikinta sun kama wani ɗan fili a Gauraka, bayan layin makanikai, sun kewaye shi da waya. Suna kamo magunan titi, su yi musu allura, su yi musu aikin hana haihuwa, wanda ya murmure a mai da shi inda aka kamo shi, ko a nema masa gida. To waɗannan ukun da aka gwada jininsu, sai aka tarar suna ɗauke da wata cuta, wai sankarar jini ta maguna. Tsakanin mage da mage take yawo, ta miyau, ta cizo, ta cin abinci a kwano ɗaya. Cinye ƙarfin jiki take yi a hankali, har mura ma ta iya kayar da su. Ba ta da magani. Ba za a iya sakin su ba, don za su shafa wa na titi, ba za a kuma bar su cikin masu lafiya ba.

Na ja tabarmata baya. Ta ce, "Umma, ba ta kama mutum. Ba ta kama akuya, ba ta kama kaza. Wallahi da tana kamawa ba zan kawo miki ba. Wuri mai natsuwa kawai suke buƙata da abinci mai kyau. In sun samu, wasu sukan yi shekaru."

Na ce, "Wato duk faɗin Abuja babu wuri mai natsuwa sai sitona."

Ai kuwa siton take nufi, wanda ke bayan gida, inda marigayi babanta yake ajiye buhunan masara. Tun rasuwarsa babu komai a ciki sai tsohon keke da ƙamshin hatsi. Kafin la'asar ta kira kafinta ya raba ɗakin biyu da raga, ya ƙara ƙofar raga a bayan tsohuwar ƙofar ɗakin. Ban ce na yarda ba, ban kuma hana ba, da haka maganar ta zauna.

Biyu daga cikinsu muzurai ne, aka sa su gefe ɗaya. Akwai baƙi tsoho mai ƙaton kai, da wani fari da toka mai ido ɗaya. Waɗannan ba su ba ni wahala ba. Sun yi ɗan ɓuya da farko, amma kafin ka ce me, baƙin ya fara yi mini tsawa in abinci ya makara, sai ka ce shi ya ajiye ni a gidan.

Ta ukun ce matsalar. Ja ce, 'yar siririya, an yanke tsinin kunnenta ɗaya, alamar da su Likita suke yi wa wadda aka yi wa aiki. A gadon bayanta akwai wuri faɗin tafin hannu da gashi bai fito ba. Wajen masu abincin bakin titi na Gauraka aka kamo ta, kuma wani ne ya taɓa watsa mata tafasasshen ruwa. Allah Ya isa, ko wane ne. Ranar da ta faɗa tarko, sai da ta fasa bakinta a jikin ƙarfe tana neman fita. Da aka buɗe mata keji a sitona ban ma ga fitarta ba, wani jan abu kawai na ga ya wuce ya shige cikin kwalin da Likita ta huda wa ƙofa a lungu.

Kafin ta tafi ta jera mini dokoki. Ban da ɗanyen nama, ban da nono, ban da albasa da gishiri. Dafaffen kifi ko kaza, da ruwa mai tsabta. Kwanonsu daban, kar wata magen unguwa ta kusance shi. Sai ta nuna kwalin ta ce, "Wannan kuma, Umma, ki ajiye mata abinci ki fita. Kar ki kalle ta, kar ki kira ta, kar ki taɓa kwalin."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, ji tarbiyyar boko. Marar lafiya a gidana, a ce kar a yi masa ko sannu? Mu da aka raine mu a kan cewa in maƙwabci ya yi ciwon kai ka je ka zauna a gabansa, ka dube shi ido cikin ido, ka tambaye shi jiki har ya gaji da amsawa? Ai wanda aka ajiye wa kwano aka juya aka fita, fursuna ne.

Washegari da hantsi na shiga da kwanon kifi, na durƙusa a gaban kwalin, na sa fuskata daidai ramin. Idanu biyu na gani can ciki, manya-manya. Na ce, "Sannu, baiwar Allah. Ya jikin? Mus-mus, fito ki ci." Ta buɗe baki ta yi mini wani huci da ya sa na zauna daɓas a ƙasa. Na ce, "A'a ha! Daga gaisuwa?" Ban yi fushi ba, na san ciwo yana sa mutum ɓacin rai. Na ƙara tura mata kwanon har bakin ramin na yi mata addu'a.

Kuma ni mace ce mai tsabta, wannan ko maƙiyina ya shaida. Ɗakin marar lafiya ba ya kwana da ƙura. Kullum sai na ɗaga kwalin nan da ita a ciki, in share ƙarƙashinsa, in jawo tsumman da take kwanciya a kai da sanda, in wanke shi tas da sabulu, in sa mata wani. Da na ji ɗakin ya fara warin maguna, na ɗebo garwashi a kasko na zuba turaren wutana mai kyau, wanda ko baƙi ba kowa nake sa wa ba. Na rufe ƙofa don ya kama ɗakin sosai.

Labari kuwa ya zaga unguwa. Maƙwabciyata ta katanga, wata 'yar Filato, malamar firamare ce da ta yi ritaya, mun fi shekara ashirin muna miƙa wa juna tuwon salla da shinkafar Kirsimeti. Ita ta fara zuwa dubiya, da ɗan kwanon farfesun kifi da ya sha barkono. Ta leƙa ramin ta dafe ƙirji ta ce, "Hajiya, wannan kyanwa ya sha wahala o! Duba idon shi." Ta yi mata addu'a irin tasu da ƙarfi, ni ina cewa amin. Da yamma matan da muke zuwa islamiyya tare suka biyo, kowacce sai ta durƙusa ta leƙa, ta ce sannu, ta kawo nata maganin. Wata ta ce habbatussauda, wata ta ce a shafa mata man shanu a ƙunar. Na ji daɗi a raina, na ce ko mutum ne iyakar gatan da zai samu ke nan.

Sai dai abinci yana nan yadda na ajiye shi. Na sa kifi, ƙuda ya ci. Na sa kaza, na kwashe na zubar. Ruwan ma ban ga ya ragu ba. Yashin da aka zuba mata a tire don bayan gida yana nan lumui, ko sawu babu. Muzuran can suna lashe kwano suna miƙa, ita kuwa in na leƙa sai in ga idanun sun ƙara girma, fuskar tana ƙanƙancewa.

Nan tsoro ya shige ni, kuma ba ƙaramin tsoro ba. Tun muna yara a makarantar allo aka cusa mana tsoron alhakin mage da aka kulle ta mutu da yunwa. To ga ni da furfurata, ga mage a kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ko tuwo na sa a gaba sai in tuna da ita, in ture kwanon gefe.

Tsakiyar mako Likita ta kira. Na ce mata ba ta ci ba, amma kar ta damu, ba abin da ban yi ba. Na lissafa mata shara, da wankin tsumma, da turare, da 'yan dubiya. Ina nan ina jiran ta ce sannu da ƙoƙari.

Can ta ce, "Umma, kin kashe ni."

Na ce, "Da na yi me?"

Ta ce, "A wurin mage, wanda ya zuba mata ido shirin kama ta yake yi. Duk wadda ta leƙa ramin nan, ita gani take mutuwa ce ta zo. Tsumman da kike wankewa, warin jikinta da ke kai shi ne kaɗai yake gaya mata wurin nata ne. Kullum kina mai da ita baƙuwa. Turare kuma, Umma, ga mai wannan cutar? Ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Tsoro shi ne abin da ya fi saurin tayar musu da ciwon."

Na ce, "To ki zo ki ɗura mata mana, ba ke ce likita ba?"

Ta ce, "Wannan in na kama ta da ƙarfi kullum don ɗura, tsoron ne zai ƙarasa ta. Kuma mage in ta daɗe ba ta ci ba hantarta lalacewa take yi." Ta ja numfashi. "Zan zo Asabar. In har ba ta fara ci ba, zan yi mata allura ta yi barci ta huta. Ba zan bar ta ta mutu a hankali ba."

Na ce, "A gidana?"

Ta ce, "Umma, ki yi haƙuri."

Na kashe wayar ba sallama. Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da magen, ya ɓaci da kaina. Wai ni da na ba da turarena ni ce mai laifi. Amma na daina. Na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciyata likita ta hana dubiya, ta ce, "Eyya, Allah Ya ba shi lafiya." Na buɗe taga hayaƙi ya fita. Na bar tsumma da dattinsa, na bar ƙura a inda take, abin yana ci mini rai. In ajiye kwano in fita, in dawo in tarar da shi yadda yake. Na yi abin da boko ya ce, ga shi nan shi ma bai yi ba.

Ana cikin damina ne, kuma ruwan Suleja ba ya sallama. Ana jibi Asabar, da rana, ina zaune a tsakar gida ina tsinke zogale, sai na ga hadari ya rufe Dutsen Zuma gaba ɗaya. Kafin in tattara, ruwa ya sauko. Siton ne ya fi kusa, kuma na riga na ɗumama wa jar magen romon kifi zan kai. Na shige da tirena da kwanon, na ajiye mata a gefen ruwanta ba tare da na ce uffan ba, don gaba nake yi da ita. Ba wuta, ɗakin da duhu, sai na jawo 'yar kujera ta tsugunne na zauna a bakin ƙofar raga inda haske yake, na ba kwalin baya. Na ci gaba da tsinke ganyena ina mita ni kaɗai, ina faɗa wa ruwan sama abin da 'ya'yan zamani suke yi wa iyayensu.

Na daɗe a haka, har mitar ta ƙare na koma shiru. Ruwa ya ɗan tsagaita. Sai na ji wani ɗan sauti a bayana, ɗal, ɗal, ɗal. Na ɗauka rufin ne yake yoyo. Na kasa kunne. Ba yoyo ba ne, harshe ne a cikin ruwa.

Duk jikina yana so ya juya, amma wuyana ya ƙi. Hannuna ya ci gaba da tsinke ganye da kansa, ba sauri ba jinkiri, fuskata tana kallon tsakar gida. Sai na ji abin ya zo mini sananne. Na taɓa yin wannan zaman, na kuma daɗe ina yin sa.

Likita ita ce 'yata ta fari. A zamaninmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa, ba ka nuna ka damu da shi a gaban mutane. Da na dawo gidan surukaina daga wankan jego, gida ne cike da mata, kowacce ido a kaina. In yarinyar ta yi kuka ba ni da ikon tashi da gudu. Sai kakarta ta ɗauko ta ta miƙo mini, ni kuma in karɓa ina kallon gefe, sai ka ce ajiyar wani aka ba ni. Da aka yaye ta kakar ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, tsakar gida ɗaya muke amma ba ta kwana wurina. In na dafa abin da take so, sai in ajiye a bakin murhu in wuce, wai na manta. Ba wanda ya tilasta mini da sanda, haka ake yi, ni ma haka aka yi mini. Amma wa ya ce ba na ganinta? Ina daka, bayana yana wajenta, na san ta tashi, na san ta faɗi, na san kukan yunwa da na rigima. Kunnena da gefen idona suka koyi aikin da aka hana idon.

Na ce a raina, ashe ke ma alkunya kike so, ja'ira. Da kin faɗa tun farko ai da ba mu sha wannan wahalar ba.

Ta sha ruwa, ta ɗan lashi romon, sai na ji shiru. Ban juya ba sai da na gama tiren duka. Na tashi a hankali na fita, ina kallon ƙofa. Ina isa ɗaki na zauna a bakin gado, na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga.

Daga baya na yi ta juya abin a raina. Mage ce da ta tashi a bayan masu abinci. Abin da ta sani a duniya shi ne bayan mace a zaune tana aiki, lokacin ne take samun ta ɗauki ɗan ƙashi ta gudu. In matar ta juyo, ruwan zafi ne. Wataƙila shi ya sa ɗaki shiru ba kowa bai kwantar mata da hankali ba, fuska kuma ta fi ba ta tsoro. Wannan tunanina ne ni kaɗai, ban tambaye ta ba.

Washegari na koma da hantsi da shinkafar tsincewa, da rana da wake, da yamma da ɗinkin da na yi wata da watanni ina gudu. Duk aikin zaman da ke gidan nan sai da na kai shi bakin ƙofar siton. In ɗumama kifi, in farfasa, in ajiye kamar na manta, in ba ta baya. Wani zaman ba ta fito ba sam. Wani ta fito ta sha romo. Da yamma na ji ta ɗauki tsoka ta koma kwali da ita. Da na zo kwashe tiren yashi na tarar da ɗan dunƙule a binne a gefe. Oh ni! Ban taɓa zaton zan tsufa ina murna da kashin mage ba, amma har leƙawa na yi ta katanga na yi wa maƙwabciyata albishir, ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah.

Asabar da hantsi Likita ta iso. Ta gaishe ni a taƙaice, idonta ya nuna ba ta yi barcin kirki ba. Da 'yar jakarta ta aiki a hannu, na san abin da ke ciki.

Na ce, "Ta ci."

Ta ce, "Kin gani da idonki?"

Na ce, "Ban gani ba. Na ji."

Ta dube ni irin kallon da likitoci suke yi wa tsofaffi. Ta ce, "Umma, siton nan akwai ɓeraye tun zamanin masara. Kar mu yaudari kanmu, mu ja mata wahala."

Na ce, "Ɓera a ɗakin maguna uku? To ko ɓeran mahaukaci ne. Ajiye jakar nan a waje, ɗauko kujera."

Na ɗumama kifi na kai, na zaunar da ita a gefena a bakin ƙofa, bayanmu yana wajen kwalin. Na ɗora mana tiren zogale a tsakiya. Na ce, "Ki tsinke. Kar ki juya, kar ki yi raɗa, raɗa tana tsorata ta. In za ki yi magana ki yi da ni yadda aka saba."

Ta ce, "Ai ni na gaya miki kar a kalle ta."

Na ce, "Faɗa daban, iyawa daban. Tsinke."

Ai kuwa ba ta iya ba. Yarinyar nan sai motsi take yi, ta gyara zama, ta duba agogo, kafaɗarta a sama. Na yi ta ja mata hira, tsadar doya, da ramin da ruwa ya ci a layinmu, da ɗan maƙwabciyata da ya sami aiki a Tafa. Rana ta ɗaga, baƙin muzurun ya yi miƙa ya koma barci, kwali shiru. Na ce a raina, baiwar Allah, kar ki kunyata ni yau, ranki ne a kai, ba nawa ba. Ganye ya kusa rabi. Na ga Likita ta saci kallon jakarta da ke waje.

Sai na ji kwali ya ɗan goga da bango.

Na ce da muryata ta kullum, "Ta fito. Ci gaba da aikinki."

Likita ta ƙame. Can a hankali ta zaro wayarta ta ɗora a cinya, ta kunna abin ɗaukar hoton fuska, ta karkata shi ta gefen hannunta ya zama madubi. Wayon 'yan zamani ke nan, ni ko a mafarki ba zai zo mini ba. Ta daɗe tana kallon wayar. Kwano ya fara ƙara a kan siminti, ƙir, ƙir, ana tura shi da baki.

Ta ce, "Umma, tana ci. Wallahi tana ci."

Na ce, "Na sani. Ta gama da romon, yanzu tsokar take ci, da gefe ɗaya take taunawa saboda bakin. Kuma ki duba ƙafarta ta baya, tana ɗan jan ta."

Ta ƙara karkata wayar, ta ce, "Haka ne."

Wani sanyi ya sauko mini tun daga kai har tafin ƙafa. Na ji daɗi, na ji daɗi ƙwarai, irin wanda na daɗe ban ji ba. Allurar nan a jakarta ta koma Abuja. Jar nan ta ga ƙarshen daminar, ta ga wasu biyu bayanta, ta yi ƙiba har gashi ya ɗan rufe gefen ƙunar. Ciwon yakan taso mata, a sa magani cikin kifi, ya lafa. Har ta bar duniya ban taɓa shafa ta ba, iyakarta ta zo ta kwanta nesa kaɗan da bayana in ina aiki. Amma a ranar ban san duk wannan ba, abin da na sani kawai kwano yana ƙara.

Likita ta kife wayar a cinya. Ta ɗauki reshe ɗaya tana juya shi. Ta ce, "Umma, ko sau ɗaya ba ki waiwaya ba. A ina kika koyi wannan?"

Na ce, "Akwai wata yarinya da aka yi a gidan kakanninki. Ita ma ba a ba ni damar kallonta ba."

Ta ajiye reshen a kan tire. Sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni fa duk zatona ba kya ganina."

Na ji muryar ta canza, na san hawaye ne. Ban juya ba. Ga mage tana ci a bayanmu, ga shi kuma ban saba ba.

Na ce, "Lokacin da takalmin makarantarki ya tsinke kika ɓoye shi a bayan randa don kar a yi miki faɗa, da safe kika tarar da shi a ɗinke, aljanu kika ce sun ɗinke?"

Ta ce, "Na ɗauka kaka ce."

Na ce, "Kakarki da ba ta iya zura zare a allura ba? Ke dai gyara aikinki, tun ɗazu hannunki na hagu sanduna yake zuba mini cikin ganye."

Ta fashe da dariya tana jan hanci, ta yi sauri ta toshe baki da gefen mayafi don kar magen ta firgita. Ta sa hannu cikin tiren tana tsince sandunan ɗaya bayan ɗaya. A bayanmu kwano ya ci gaba da ƙara a kan siminti.